'Yan tsaki ta gidan waya a Amurka, anya suna isowa da rai kuwa?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ya iyali ya hidimomi. Wata tambaya ce ke tafe da ni wadda in a gida Funtuwa na yi ta dariya za a yi min, amma dai ga ta. Shekara tara ke nan ina zaune a Ohayo, bara Allah ya hore mana muka bar haya a cikin Kolombos muka sayi wani ɗan gida a bayan gari, da fili kamar eka ɗaya da rabi da wata tsohuwar rumfar katako a baya. Tun ran da na ga filin nan raina ke biya min kaji. Na farko dai ƙwai, kun ga abin da ya faru farkon 2025 da murar tsuntsaye ta sa dozin ɗaya ya haura dala 6, mu kuma yara huɗu ne a gidan kowa da bakinsa. Na biyu wlh na gaji da kazar kanti, ka sa a tukunya minti ashirin ta dagargaje ta koma kamar auduga, ina kewar farfesun kazar Hausa wadda sai ka ja da haƙori tukuna.

To maƙwabcina wani dattijon Bature ne, shi ya ce min ai ta gidan waya yake odar 'yan tsakinsa duk shekara, a zubo su a kwali a aiko kamar wasiƙa. Ni na ɗauka zolayata yake har sai da ya nuna min kwalin da hujojinsa. Maman Ummi kuwa cewa ta yi ita ba ruwanta, wannan zalunci ne, ta ya za a rufe ɗan tsako kwana biyu ba ci ba sha kuma a ce zai rayu. Ni ma gaskiya abin na min wani iri. Shi ne nake son wanda ya taɓa yi ya faɗa min tsakani da Allah, suna zuwa da rai? Guda nawa ya kamata sabon shiga ya fara da su, wane wata, wane iri? Kuma in sun zo ina zan ajiye su tunda ba uwa? Mu dai a gida kaza ce ke kwanci ta ƙyanƙyashe ta ja 'ya'yanta, namu bai wuce watsa musu tsaki da korar shirwa ba. Ngd.

Maman Khalil ta rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Ka gaida min Maman Ummi ka ce ta kwantar da hankalinta, ni ma haka na ce da farko, yanzu shekarata huɗu ina yi a nan Karolina ta Arewa. Ba sabon abu ba ne, tun 1918 gidan wayar ƙasar nan ke ɗaukar 'yan tsaki. Hikimar ita ce kafin ɗan tsako ya fasa ƙwai sai ya zuƙe sauran gwaiduwar cikin cikinsa, ita ce guzurinsa na kusan kwana uku, shi ya sa dokar ma ta ce dole su isa hannun mai su cikin awa 72 daga ƙyanƙyasa. In ka tuna ko kazar gida ba ta tashi daga kan ƙwai ranar da na farko ya fito, tana jiran sauran, shi na farkon me yake ci a ƙarƙashinta? To shi ne.

Abin da ya fi kashe su a hanya sanyi ne ba yunwa ba. Junansu suke ɗumamawa a cikin kwalin, shi ya sa in lokacin sanyi ne kamfanonin ba sa yarda ka sayi uku ko huɗu, sai su ce sai 15 wasu ma 25, in gari ya yi ɗumi su rage. Ku da kuke Ohayo ni dai shawarata kar ka yi gaggawa, ka bari sai ƙarshen Afrilu ko Mayu su zo, amma odar ka sa ta tun Janairu ko Fabrairu don irin masu kyau ƙarewa suke kamar ragon layya ana gobe Sallah. Kamfanonin suna da yawa, akwai Murray McMurray a Iyowa tun 1917 suke, akwai Cackle a Misuri, akwai Meyer a nan jiharku ma. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da kai, tafiya in ta gajarta wahala ta ragu.

Yanzu bari in faɗa maka wautar da na tafka a karon farko don kar ka maimaita. Ba gida suke kawowa ba yawanci, kiranka za su yi da sassafe ka je ka ɗauka. Ni kuwa na idar da asuba na koma barci, na ga baƙuwar lamba tana kira na ce 'yan talla ne na kife wayar. Sai wajen sha ɗaya na saurari saƙon, na fita a guje ko mayafi ban yafa daidai ba, ina shiga tun daga bakin ƙofa nake jin tsiyau tsiyau, ma'aikaciyar baiwar Allah har ta ajiye min su kusa da hita. Wannan duk mai sauƙi ne, babbar matsalar na dawo gida ban kunna komai ba, kwandon da zan rene su a ciki ma yana cikin mota da takardarsa, kafin in haɗa wuri ya yi ɗumi an ƙara awa biyu. Biyu suka mutu min a daren nan kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Tun daga nan ana jibi za su zo nake kunna komai, in sa ma'aunin zafi a ƙasa in tabbatar, wayata kuma a hannu take kwana.

Wurin renon ba wani abin wahala ba ne, babbar robar ajiye kaya ko bahon shayar da dabbobi ya isa na makon farko zuwa na biyu. Zafin da suke so digiri 95 a ma'aunin nan, wato 35 a namu na gida, duk sati ka rage 5 a na nan ɗin har su yi gashi sosai wajen sati shida. Amma kar ka biye wa lamba kaɗai, su za ka kalla. In sun cure wuri guda ƙarƙashin wuta suna ihu sanyi suke ji, in sun gudu gefe sun buɗe baki suna haki zafi ya yi yawa, in sun watsu kowa na harkarsa wasu na barci kamar matattu, to lafiya lau, kuma wlh barcin nan nasu sai ya tsinka maka zuciya, sau nawa ina taɓa su in ga ko da rai. Zafin gefe ɗaya za ka sa, ɗaya gefen ka bar shi da sanyi su samu wurin gudu. Jan ƙwan fitilar nan mai wat 250 yana aiki amma ni tsoronsa nake, in ya faɗo kan ɓawon katakon da ake shimfiɗa musu gobara ce, na koma faranti mai ɗumi wanda suke shiga ƙarƙashinsa kamar fiffiken uwa, ya ɗan fi tsada amma ina barci da ido biyu rufe.

Da ka buɗe kwali kar ka fara da abinci. Ɗaya bayan ɗaya za ka ɗauka ka tsoma bakinsa a ruwa mai ɗan ɗumi ka ga ya ɗaga kai ya haɗiye sannan ka saki ƙarƙashin ɗumi, sai sun sha sun dawo hayyacinsu ka zuba abincin. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi ko ka zuba tsakuwa a ciki, ɗan tsako a cokalin ruwa ma sai ya nutse. Ƙasa kuma kwana ukun farko tawul ɗin takarda nake shimfiɗawa, ban da jarida, santsi gare ta ƙafarsu ta baje su kasa tsayuwa, daga baya in koma ɓawon katakon bishiyar fayin, ban da na bishiyar sida, warinsa na cutar da numfashinsu. Sai abu na ƙarshe mai ƙazanta, ka yi haƙuri, kullum ka juya su ka duba bayansu, gajiyar hanya na sa kashi ya bushe ya toshe musu wurin, in ba a cire ba mutuwa ce. Tsumma da ruwan ɗumi, a hankali, kar ka fizga.

Iri kuwa tunda farfesu kake so kar ka kuskura ka sayi Cornish Cross, ita ce dai kazar kantin da kake gudu, sati bakwai zuwa takwas ta yi ƙatuwa ta kasa tafiya. Ka sayi Rhode Island Red ko Barred Rock ko Australorp, suna jure sanyinku, suna ƙwai daga wata biyar haka, zakarunsu kuma araha ne sosai don ba mai so, ka bar su su yi kiwo a fili wata huɗu zuwa biyar ka yanka, ba za su kai ta Funtuwa ba amma za ka ja da haƙori.

Dillalin_Tsaki ya rubuta:

Slm. Hhhh Alhaji ai mu nan Kano kullum a haka muke, sai dai mu ba gidan waya, mota ce. Yawancin tsakin da muke saidawa daga Badun suke zuwa, Litinin da Alhamis ake fitarwa, kayi bukin ka biya kudinka a loda katan katan a mota su kwana suna tafiya washegari muna tasha muna jira. Katan daya guda 50 ne da daya gyara. Kaga tafiyar kwana guda cur akan titin mu da ramukansa da shingayensa kuma suna zuwa da rai, balle ku da jirgi ke daukowa. Mu matsalarmu akasin taku ce, zafi, lokacin bazara in mota ta lalace a hanya rana ta fito to sai dai innalillahi, shiyasa da kamfanin Olam suka bude nasu wurin kyankyasar tsaki a Kaduna a 2017 mutane da yawa suka ji dadi don tafiyar ta ragu. In hunturu ne kuma gawayi muke hurawa a tukunyar kasa mu zagaye daki da leda, ba ruwanmu da wani faranti, wutar nepa ma ina take.

Duk abinda Hajiya ta fada gaskiya ne musamman maganar shirya daki kafin su zo, nasha gayawa kwastomomi amma sai mutum yazo ya dauki katan biyu sannan ya fara tambayata ina ake saida buntun shinkafa. Abinda zan kara, ranar farko ka basu gulukos da maltibitamin a ruwa, sannan ka dora su akan antibayotik kwana biyar, sai rigakafin cututtukan kaji, wato na Gomboro da Lasota, akan lokaci, in ka tsallake wadannan ranka ya dade sai dai ka kwashe da shebur. Kuma ni da zaka ji tawa da ka nemi Noila, itace tsakanin ta gida da ta turawa, tana kiwo tana kwai ga nama. Ko babu ita a can?

Auta_Zangon_Kumasi ya rubuta:

Kai Amurka, har kaza ma sai ta hau jirgi da tikiti, mu ga mu nan biza ta gagara. Baba in sun girma a aiko mana cinya ɗaya ta gidan wayan.

Ɗan Samaru ya rubuta:

Salam. Yaya Baban Ummi Allah ya sa albarka. Likitancin dabbobi na karanta a Zariya yanzu ina ƙaro karatu a Jojiya kan kaji ɗin ma, don haka bari in ɗan sa baki, da neman afuwar Malam Dillali don zan saɓa masa a wuri ɗaya. Tsarin da ya kawo na gida ne kuma a gida Gomboro da Lasota ba abin wasa ba ne, cutar da Lasota ke karewa ita ce ke share kajin ƙauye duk hunturu. Amma a nan masu kaji goma sha a bayan gida yawanci rigakafi ɗaya suke yi, na cutar Marek, wadda ke shanye ƙafa ta fito da ƙari a ciki. Ranar ƙyanƙyasa ake yin ta a can kamfanin, in kana cike oda za ka ga inda za ka zaɓa, kuɗin kaɗan ne, kar ka tsallake don ba ta da magani in ta kama. Antibayotik ɗin nan na kwana biyar ga lafiyayyen tsako kuwa ko a gida ni ban goyi baya ba, shi ke sa in ciwon gaske ya zo magani ya ƙi ci, a nan ma tun Yunin 2023 ba za ka shiga kanti ka saya haka kawai ba sai da takardar likita. Ruwan gulukos ko sinadarin gajiya na kwana ɗaya zuwa biyu ba laifi.

Abinci ka sayi na farawa mai furotin kashi 18 zuwa 20. Kala biyu za ka gani, mai magani da marar magani, maganin amfuroliyom ne na kashin jini, ba antibayotik ba ne. In ka sa an yi musu rigakafin kashin jinin a kamfani to marar magani za ka saya, don mai maganin zai kashe rigakafin, in ba a yi ba mai maganin ya fi maka kwanciyar hankali. Kar ka ba su abincin masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke ciki ya yi wa ƙodarsu yawa. Kuma ka duba kamfanin yana cikin tsarin NPIP, shiri ne na gwamnati tun 1935 da ke gwada iyayen kajin, manyan duk suna ciki, 'yan tallan Facebook ne abin dubawa.

Abin da ya fi damuna yaran nan huɗu ne. Ɗan tsako lafiyayye garau yana iya ɗauke da salmonela, duk shekara CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar nan, sai ta yi gargaɗi a kai. Kar a rene su a kicin ko falo, kar yara su sumbace su, a wanke hannu da sabulu, 'yan ƙasa da shekara biyar ma a hana su ɗauka. Murar tsuntsaye kuma tana nan tun 2022, agwagin daji ke yawo da ita, in akwai tafki kusa da ku ka rufe saman garken, takalmin shiga wurin kaji ya zama daban. Malam Dillali, Noila ta kamfanin Amo ce a Awe jihar Oyo, irin da Hajiya ta lissafa su ne makwafinta a nan.

Af, kafin komai ka kira ofishin ƙaramar hukumarku ka tambayi dokar unguwa. Wurare da yawa sun yarda da kaji mata amma sun hana zakara saboda cara, kar ka reni zakaru goma a aiko maka takarda.

Dillalin_Tsaki ya rubuta:

To likita naji, amma kazo Kano ka gayawa mai tsaki 500 da ya ciwo bashi ya saya cewa kar ya bada magani kaga kallon da zai maka. Kowa da kasarsa.

Maman Khalil ta rubuta:

Na manta abu biyu. In ka zaɓi mata zalla ba ɗari bisa ɗari ba ne, wajen kashi 90 suke lamuncewa, cikin goma sai ka tsinci zakara ɗaya, ni tawa "Hajiya Babba" sai da ta yi wata huɗu ta tashe mu da cara. Sannan akurki, Baban Ummi ka manta da shirwa da muzuru, nan akwai wata dabba rakun mai hannu kamar na mutum, sakata take buɗewa, in ragar wayar akurkin mai manyan ido ce ta zura hannu ta ja kaza ta cinye kai ta bar maka gangar jiki. Waya mai ƙarfi mai ido rabin inci za ka sa, ka binne gefenta a ƙasa saboda masu tono, ƙofar kuma kwaɗo. Rumfar nan taka ka fara gyaranta tun yanzu, sati shida kamar gobe ne.

Baban Ummi ya rubuta:

Jama'a na dawo da labari, ku yi haƙuri da shirun wata uku. Hajiya Allah ya saka da alheri, likita na gode, Malam Dillali Allah ya ƙara kasuwa, Auta cinyarka na nan. Na kira ofishin sun ce inda muke filin noma ne zakara ba matsala. Na yi odar 15, mata goma zakaru biyar, da rigakafin Marek. Talata suka turo saƙo an sa a hanya, Laraba ƙarfe shida da 'yan mintuna waya ta yi ƙara, ina zaune kan sallaya da makullin mota a aljihu tun asuba saboda labarin Hajiya. Na buɗe kwalin tun a can gaban ma'aikacin, 16 na ƙirga, ashe su ma suna gyara, duk da rai, kwalin ko girman na takalmi biyu bai kai ba. Maman Ummi da ta ce ba ruwanta ita ta tsoma bakin goma sha ɗaya a ruwa da hannunta, yanzu in na ƙara minti biyar ban canja ruwa ba sai na sha faɗa. Ɗaya ya yi toshewar bayan nan kwana na uku, mun wanke shi ya warware, ɗaya kuma ƙarami tun zuwansa ba ya ci, kwana na biyar muka wayi gari ya mutu, Ummi ta yi kuka har da cewa a yi masa sallah.

Yau kwanansu 19 suna gareji. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ƙura, komai na garejin ya yi fari fat har kan mota, kuma jiya na tarar da biyu a saman robar suna kallona, na ɗora ragar waya a kai. Tambayata yanzu, da rana gari na kai digiri 75 a ma'aunin nan amma dare na sauka wajen 50, zan iya fitar da su kan ciyawa na awa ɗaya da rana ko in ƙara jira? Kuma Hajiya na ga suna saida 'yan zabbi ma, shin su ma haka renonsu yake, ko kukansu zai haɗa ni faɗa da dattijon nan?